Tun Ran Gini Ran Zane: Zafi, Ambaliya da Faɗaɗar Birnin Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, ina zaman haya a Mabera, inda kowace damina ruwa ke shigo mana har tsakar gida, da bazara kuma barci ya gagara saboda zafi. Bayan shekaru ina zubin adashi na sayi fuloti a bayan gari, ina shirin fara gini. Kullum muna jin batun sauyin yanayi a rediyo, amma a ganina wannan magana ce ta ƙasashen da suka ƙoshi, mu kuwa matsuguni muke nema. Shin akwai abin da gari mai bunƙasa irin namu, ko talaka irina, zai iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a filin, ya sa a gama lafiya. Akwai gaskiya a maganarka, domin duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021, na rage hayaƙinta har ya daidaita da wanda ake iya shanyewa daga iska nan da 2060, tare da dokar sauyin yanayi da aka sanya wa hannu a watan Nuwamban shekarar, ba za su sanyaya ɗakinka a watan Afrilu ba. Sai dai a aikina na tsara birane na daɗe da lura cewa wahalar da kake bayani iri biyu ce ta haɗu. Akwai wadda duniya ta jawo mana, akwai kuma wadda muke ginawa da hannunmu, kuma ta biyun ce muke da iko a kanta.

Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya daɗe a cikin ganuwarsa, amma tun da ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, yake ta miƙewa, har gonakin jiya na wajen Arkilla, Dambuwa, Bado da More suka koma unguwanni. Bunƙasar ba laifi ba ce. Yadda ake yanka filayen ne matsalar. Mai gona da dillali su ja igiya, kowane taku a wurinsu kuɗi ne, sai a bar lungun da ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba, babu wurin lambatu, babu filin makaranta, kwarin da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni kuma a sayar da shi a matsayin fuloti. Da zarar an aza bulo, gyaran ya koma maganar rusau da diyya da shari'a, alhali kafin nan turke huɗu da yarjejeniya sun isa. Shi ya sa na ce tun ran gini ran zane: yanayin da jikokinka za su rayu a cikinsa a wannan unguwa ana yanke shi ne a 'yan watannin nan da ake awo.

Ambaliya a Sakkwato kala biyu ce. Akwai ta gulbi, irin ta watan Satumban 2010, lokacin da Rima ta cika ta batse, ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Maganin wannan shi ne kula da madatsun Goronyo da Bakalori, gargaɗi a kan lokaci, da barin fadama ta ci gaba da zama fadama, domin ita ce shimfiɗar da gulbi ke kwanciya idan ya ƙoshi, ita ce kuma ke ba mu shinkafa da albasa. Wadda ke damunka a Mabera kuwa ta cikin gari ce, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan rufin gidanka murabba'in mita 100 ne, aka sami milimita 600 a damina, wanda bai yi nisa da abin da muke samu ba, to lita 60,000 ta sauka a kanka, wato jarka 2,400 irin ta 'yan ga-ruwa. Da can yashin gona ke shanye wannan ruwa. Yau kowa ya daɓe tsakar gidansa da siminti, ya juya indararo zuwa titi, an cike kududdufai an yi gini, lambatun da ya rage kuma leda ta toshe shi. Ruwan da muke kora waje a watan Agusta shi ne muke saya da tsada a watan Maris. Don haka ka bar wani sashe na tsakar gidanka da yashi ko tsakuwa, ka haɗa indararo da tanki, ka kuma ɗaga harsashin ginin sama da matakin da titi zai kai idan an zuba masa kwalta.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafi, domin shi ba ya zuwa da ƙara, a hankali yake cin tsofaffi da jarirai da masu ciki. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, mu kuma mun bar ginin ƙasa mai kauri da rufin soro, wanda ke jinkirta shigar zafin rana, mun koma siririn bulo da kwano ba silin, abin da ke mayar da ɗaki tamkar tanda tun hantsi. Ba na cewa a koma jiya gaba ɗaya, don ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, kuma shi ma yakan saki zafinsa da dare. Amma tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, a gauraya da ɗan siminti, yana haɗa ƙarfi da sanyi. Ko da bulo za ka yi, ka ɗaga tsayin ɗaki, ka sa silin, ka bar ƙofar iska tsakaninsa da kwano, ka zaɓi kwano mai haske maimakon baƙi ko ja da ake yayi yanzu. Tagogi su fuskanci juna ta kudu da arewa, bangon yamma kuwa, wanda rana ke gasawa daga azahar zuwa la'asar sakaliya, shi ya fi cancantar inuwa. Ka dasa dogon yaro biyu a wannan gefen, da ɗan nisa daga harsashi, tun kafin ka sayi buhun siminti na farko, kana ba su ruwan alwala da na wanke-wanke, ka kare su daga awaki. Kafin ka tare sun kai tsayin katanga. Duk wanda ya bi tsohuwar unguwar ma'aikata da tsakar rana, sannan ya fita zuwa sabuwar unguwar da ba itace ko ɗaya, jikinsa ya gaya masa bambancin.

Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa a Najeriya, amma dashen da ba a raina ba ya kai bazara, kuma muddin gawayi da icce ne kaɗai abin da matan gari ke iya saye, dajin karkara zai ci gaba da shigowa birni a bayan mota. Murhu mai rage cin icce da gas mai sauƙin kuɗi suna cikin aikin kare daji kai tsaye. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna cewa barin kututture ya sake toho, musamman gawo, ya fi sabon dashe arha da ɗorewa.

Babban nauyin yana kan hukuma, kuma ikon yana hannunta, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni ga gwamna bisa amana. Abin da ake buƙata bai kai tsadar gadar sama ba: a riga jama'a isa bayan gari, a shata manyan hanyoyi da magudanai da filayen al'umma, a kafa musu alama, ko da sai bayan shekara goma za a sami kuɗin kwalta. Kafin hakan ta samu, ku masu fulotai ku haɗa kanku, ku zauna da mai unguwa da uban ƙasa, kowa ya saki taku biyu a gaban filinsa domin hanya da lambatu, a rubuta, a sa hannu, a kai wa hukumar tsara gari ta shaida. Kai kuma, Malam, kafin ka kira magini, ka je filin nan washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ka ga inda ruwa ya kwanta, sannan ka nemi dattijon da ya noma gonar ka tambaye shi ta ina yake fita.