Tambayoyinku: Me ake nema a jinin yaro kafin a yi masa Zolgensma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jikana ɗan wata 5 yana da ciwon SMA (ciwon gado mai raunana tsokoki), wuyansa ba ya tsayawa. An ce sai an gwada jininsa kafin a yi maganar Zolgensma. Me ake nema? Daga wata kaka, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganin, wanda Amurka ta amince da shi a 2019 don yara 'yan ƙasa da shekara 2, yana kai lafiyayyar ƙwayar gado ta SMN1, wadda ita ce ta lalace a jikin masu SMA, zuwa jijiyoyin laka ne a cikin ɓawon wani bairas mai suna AAV9. Garkuwar jiki kuwa ba ta san ɗan aike ne ba, maƙiyi take gani.

Idan jinin yaro ya riga ya ƙunshi sojojin garkuwar jiki (antibodies) da suka san wannan bairas, za su tare shi tun kafin ya isa. Suna cikin abubuwan da ake aunawa, ana so kada ma'aunin yawansu a sakamakon gwaji ya haura 1:50. Jariri kan samo su daga mahaifiyarsa tun yana ciki, kuma suna raguwa da kansu, don haka idan sun yi yawa sai a sake gwaji daga baya. Amma kada a naɗe hannu a zauna jira, jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. A tambayi likita game da wasu magungunan SMA, risdiplam ko nusinersen, su ba ruwansu da bairas.

Sau ɗaya ake ɗura Zolgensma ta jijiyar jini, cikin awa guda. Bayan nan sojojin kan yi yawa, ba a maimaitawa.

Hanta ce ta fi shan wahala, har an taɓa rasa rai. Shi ya sa ake fara prednisolone, maganin da ke rage kumburi, kwana ɗaya kafin ɗurin, miligiram 1 ga kowane kilo kullum, har kwana 30, sannan a riƙa ragewa cikin kwana 28 idan hanta ta daidaita. Kada a tsayar da shi lokaci guda. Gwajin hanta zai ci gaba aƙalla wata 3.

A makonni biyun farko ku sa ido sosai: fitsari ya ragu a kunzugu, tabon jini a fata, dasashi na jini, amai, ko ido ya yi ɗorawa. Asibiti nan take, ba kemis ba, ko da kuna zaton maleriya ce. Idan kuma yana mura ko zazzaɓi kafin ranar ɗurin, ku faɗa wa likita, ɗagawa ake yi sai ya warke.