Fasfon kaka na zamanin Turawa zai ba jika izinin zama a Ingila?

Malam, ka ce kun tsinci tsohon fasfon kakanku mai tambarin Birtaniya a adakarsa a Tudun Wada, kana tambayar ko zai ba ka damar zama can.

Gaskiya da wuya. Dokar Birtaniya ta 1948 ta ɗauki 'yan Legas a matsayin 'yan ƙasa, mu kuwa 'yan Arewa "waɗanda ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya" ne, domin a lokacin Arewa ƙasar kariya ce. Duk da haka a lokacin ana shiga Ingila ba biza, shi ya sa dattawanmu suka je karatu cikin sauƙi. Da aka samu 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, kowa ya zama ɗan Najeriya, sannan dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1962 ta fara rufe ƙofa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne bizar zuriya, wadda jika ke nema ta dalilin kakansa. Sai an haifi kakan a can Birtaniya, zama ko karatu bai isa ba. Kada wani ejan ya karɓi kuɗinka a kan wannan.

Duba wurin haihuwa a fasfon. In Ingila ce, nemi lauyan shige da fice mai rajista. Tarihin kakan kuwa, leƙa Arewa House, cibiyar tarihi da ke Kaduna.