Na dawo da kanga daga Zanzibar, amma na kasa sa mata almakashi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ni da maigidana mun je Zanzibar, mun yi kwana tara. Har yau in na rufe ido ina ganin jiragen ruwa masu filafilai da yamma, ina jin ƙamshin gasasshen kifi a Forodhani, lambun bakin teku da ake sayar da abinci da dare. A kusa da kasuwar Darajani na sayi zannuwan da suke kira kanga kala uku, kowace falle biyu a haɗe, da kitenge yadi shida, shi kuma ya sayi kikoi. Kowace kanga da rubutu a ƙasanta. Ɗaya an rubuta SUBIRA HUVUTA HERI, ɗaya HABA NA HABA HUJAZA KIBABA, ɗaya kuma MUNGU NI MWEMA. Ina da baƙin keken ɗinki na ƙafa a gida, ina ɗinka kayana da na yara. Wata takwas ke nan kayan suna cikin akwati, duk lokacin da na shimfiɗa su zan yanka sai gabana ya faɗi in mayar. Me zan ɗinka da su wanda zai riƙa tuna mini da tafiyar, kuma ba zan lalata su ba?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya maimaita muku irin wannan tafiya cikin lafiya. Faɗuwar gaban nan da kike ji tana da dalili, kuma na ji daɗi da ba ki yi gaggawa ba. Hannunki ya saba da atamfa, wadda zanenta yake maimaita kansa daga farkon turmi zuwa ƙarshe, duk inda kika yanka kin samu abu ɗaya. Kanga kuwa kowane falle an buga shi ne a matsayin abu guda cikakke, da bakinsa da cikinsa da maganarsa. Idan kika yanka ta yadda kike yanka atamfa, ƙyalle za ki samu mai kyau, amma kangar ta tafi.

Ki ɗauko falle ɗaya ki shimfiɗa a kan tabarma, ki tsaya a kansa. Tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, kusan inci 60, faɗinsa kuma mita ɗaya ko ɗan sama da haka. Faffaɗan adon da ya zagaye shi ta gefe huɗu, Waswahili, wato masu harshen Swahili da ake yi a can, suna ce masa pindo. Filin tsakiya sunansa mji, wato gari. Rubutun da ke kwance a ƙasan garin, gab da pindo, shi ne jina, wato suna, kuma da shi mata suke kiran zanen a kasuwa. Falle biyu a haɗe kamar yadda aka sayar miki shi ne doti. Mace takan ɗaura ɗaya ta yafa ɗaya. Kalmar kanga kanta a Swahili sunan zabo ne, domin zanen farko ɗigo-ɗigo ne fari a kan duhu kamar gashin zabuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 abin ya faro a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, lokacin da mata suka riƙa sayen manyan hankici na fataken Turai, su haɗa shida su ɗinke su zama zani guda. Shi ya sa a Mombasa ta ƙasar Kenya har yanzu za ki ji ana ce mata leso, daga kalmar mutanen Fotugal ta hankici. Rubutu ya shigo daga baya, a farkon ƙarni na 20, kuma da baƙaƙen Larabci aka fara yin sa, irin yadda kakanninmu suke rubuta Hausa da ajami, kafin boko ya karɓe.

Na tsaya a kan rubutun ne domin shi zai gaya miki abin da ya dace da kowane zani. Matan Zanzibar ba sa sayen kanga sai sun karanta. Da ita ake yi wa amarya addu'a, da ita ake gode wa uwa, da ita kuma ake yi wa kishiya ko maƙwabciya habaici ba tare da an buɗe baki ba. Baƙi da yawa sun sayi habaici sun sa a jiki ba su sani ba. Ke Allah ya taimake ki, duk ukun naki maganar kirki ce. Subira huvuta heri na nufin haƙuri yana jawo alheri. Ki lura da heri ɗin nan, asalinta ɗaya da alherinmu, daga Larabci duka suka fito. Mu mahaƙurci mawadaci muke cewa. Haba na haba hujaza kibaba kuwa, kaɗan-kaɗan ke cika ɗan mudu, abin da mu muke faɗa da yayyafi kogi kan cika.

Ta ukun ita ce nake so ki ware. Mungu ni mwema, ma'anarsa Allah mai alheri ne, domin Mungu shi ne sunan Ubangiji a harshensu. Ni dai ba zan yanka wannan in yi rigar matashi ko zanin gado ko abin da za a zauna a kai ba, kuma ba zan bar almakashi ya ratsa kalmar ba. Hukuncin shari'a ki tambayi malamai, amma ladabi kowa ya san shi. Ki raba dotin gida biyu daidai kan layin da ke tsakaninsu, ki kalmashe bakin da kika yanka siriri, shi ke nan aikinta ya ƙare. Falle ɗaya ya zama mayafinki na cikin gida, kamar yadda matan can suke lulluɓa da ita su yi salla. Ɗayan ki kai wa mahaifiyarki ko surukarki. A can ma kanga kyauta ce da ake kai wa iyaye, kuma tsohuwa za ta ji daɗin sanyinta lokacin bazara.

Kafin ki taɓa sauran biyun, wanki. Sabuwar kanga tana zuwa da sitaci mai yawa, ta yi ƙarau kamar takarda, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko. Wadda ta ɗinka kafin ta wanke, rigar da ta zauna mata ranar farko za ta ɗage mata a mako na biyu. Ki jiƙa kowace ita kaɗai a ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kada ki bari ta kwana a ruwa. Ki goga farin ƙyalle a kan ja ko shuɗin da ke jiki yana jiƙe, in ya kama to tana zuba, ki ci gaba da ɗauraye ta har ruwan ya fita garau. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya riƙe rinin da aka riga aka buga a masana'anta, ɗaurayar ce take aiki. Ki shanya a inuwa, bai ɗin a waje, domin ranar Zariya tana cin launi. Ki yi guga tana da ɗan danshi. Akwai kuma gwajin da ya kamata ki yi, tunda yanzu kasuwa ta cika da masu haɗin roba: ki zare 'yan zarurruka daga bakin da aka yanka ki kunna musu ashana a kan faranti. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Mai roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Idan taki mai roba ce ki rage wutar dutsen guga.

Yanzu ɗinkin. Hanya biyu nake koya wa ɗalibaina, kuma dukansu bubu ce, domin bubu ce rigar da take barin zani kusan yadda yake.

Ta farko, kada ki raba dotin. Ki ninka shi gida biyu daidai inda falle biyun suka haɗu, wannan ninkin shi ne kafaɗarki. Kin samu riga mai tsawon kusan inci 60 da faɗin inci 40 da 'yan kai. Wuyan zai faɗa a cikin pindo biyu da suka haɗu, sai ado ya kwanta a kan kafaɗa da kansa, wani pindon kuma ya zagaye ƙasan riga. Ki ɗinke gefe biyu daga ƙasa, ki bar wajen hannu kamar inci 9 ko 10 daga kafaɗa. Idan tsawon ya yi miki yawa, to daga kafaɗa za ki rage, ki yanke daidai wa daida daga gaba da baya ki sake haɗawa. Kada ki rage daga ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, ni ma na taɓa yin sa a farkon koyona: na datse ƙasa kamar yadda na saba, pindon ya tafi rabi, rigar ta fito kamar ɗakin da aka cire wa ƙofa, kuma babu gyara. Abin da za ki sani game da wannan hanya shi ne rubutun zai tsaya a tsaye ta gefen jikinki, ba ya karantuwa sai an karkata kai.

Ta biyu, ki raba falle biyun, ki haɗa su ta dogon gefensu na sama, wanda babu rubutu, ki bar wajen wuya a tsakiya. Yanzu faɗin ya zama inci 60, tsawon ya zama inci 40 da ɗan wani abu. Bubu ce mai manyan fukafukai da za ta sauko ƙasan gwiwa, a sa ta da dogon siket ko wando. A nan rubutun yana kwance a ƙasan riga gaba da baya, kowa yana iya karantawa. Don kada ta yi miki yawa a jiki, ki sa alli ki ja layi daga ƙasan hammata zuwa ƙasa a kowane gefe, ki bar wa jikinki sakewa, ki bi layin da keke ta waje. Sauran ya zama fiffike. Da ni ce, mai maganar haƙuri zan yi wa wannan, domin magana ce da ta cancanci a gan ta, mai ɗan mudu kuma in yi mata doguwar.

Game da kekenki, kanga ta fi atamfa laushi da sirantaka. Allura mai lamba 16 da muke sa wa shadda da yadi mai kauri za ta bar mata huji, ki sa lamba 11 ko 12, sabuwa. Ki saita takun ɗinki wajen 10 zuwa 12 a inci guda, ki gwada a ƙyallen da kika fitar daga wuya. In ɗinkin yana tattarewa ki ɗan sassauta zaren sama. Tunda ba ki da injin da yake kama bakin ƙyalle, ki yi ɗinki mai rufe baki: ki fara haɗa falle biyun fuskarsu a waje, ki ɗinka siriri, ki rage bakin da almakashi, ki juya ki goge, sannan ki sake ɗinkawa ta ciki yadda bakin farko zai shige ciki ya ɓuya. Yana cin lokaci, amma rigar za ta sha wanki shekaru ba ta zare ba. Wuya shi ne inda kanga take saurin buɗewa. Da kin yanka, kafin ki ɗaga ta daga tebur sosai, ki bi bakin wuyan da ɗinki layi ɗaya, sannan ki sa masa shafi da ƙyallen auduga mara nauyi. Idan launin zanen mai haske ne ki ɗaga shi ga rana ki duba, wata kangar tana nuna jiki, sai a sa mata shafi gaba ɗaya ko a sa shimi a ciki.

Kitenge ba ta da wannan doka. 'Yar'uwar atamfarmu ce, ki yanka ta yadda kika saba, riga da zani ko kayan yara. Kikoin maigida kuma a bar shi yadda yake. Saƙa ce mai ratsi-ratsi da maza suke ɗaurawa a kugu, gezar da ke bakinsa tana cikin adonsa. In gezar ba a tufke take ba, ki zauna da yamma ki murɗa zarurrukan kashi-kashi ki ƙulla, don kada ya warware.

Kin ce kina son abin da zai riƙa tuna miki da tafiyar. Ƙyallen da zai fita daga wuyan riguna biyun nan kada ki zubar. Ki ɗinka 'yan jakunkuna kamar tafin hannu, ki cika su da kanumfari, ki ɗinke baki, ki sa a cikin akwatin kaya. Zanzibar da tsibirin Pemba da ke arewa da ita sun yi suna da kanumfari tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar, kuma na tabbata kin ji ƙamshinsa a layin kayan yaji na Darajani, kasuwar da take tsaye tun 1904. In ba ki sayo ba, na kasuwar Sabon Gari ma zai yi. Duk ranar da kika buɗe akwati, ƙamshin zai riga idonki.

Sai abu ɗaya da nake yi wa duk kayan da na ɗinka daga zanen tafiya. Ina yanka farin ƙyalle ɗan ƙarami, in rubuta sunan garin da wata da shekara da alƙalamin da ba ya fita a wanki, in ɗinke shi a cikin riga ta gefen ƙasa inda ba a gani. Ke ma ki rubuta Zanzibar da watan da kuka je, ki ƙara ma'anar rubutun da Hausa, domin 'yarki da za ta gaji rigar ta san abin da take faɗa.

Ki fara da mai sunan Allah, tunda kalmasa kawai take buƙata, hannunki zai saba da laushin zanen kafin ki kai ga yanka wuya. In kin zo kan wuyan kuma, ki fara yanka shi a tsohuwar jarida, ki zura kanki ki gani, sannan ki ɗora jaridar a kan kanga ki zana da alli.