Wace ƙaramar mota kawunka zai saya a Jidda?

Ɗana, ka tambaye ni a kan kawunka da ke neman ƙaramar mota ta hannu, irin mai ƙofa biyar ɗin nan da bayanta ke ɗagawa sama, don kai yara makaranta da zuwa Makka ranar Juma'a. Ka ce yana da mata da yara uku, abin da ya tara bai wuce riyal 25,000 ba, kuma kun ga guda uku a Haraj, kasuwar motocin hannu: Toyota Yaris, Nissan Tiida, da wata Ford Focus da ta fi su sheƙi kuma ta fi su araha. Kana so in ce maka ga wadda za a ɗauka. Zan faɗa, amma ajiye sifanan nan ka saurara da kyau, don ba kawunka ne na ƙarshe ba. Tunda mutane suka san kana aiki a warsha, wato garejin gyaran mota, kai ne ɗan rakiyar kowa wajen sayen mota, kuma ranar da ta tsaya a hanyar Madina sunanka za a fara kira.

Focus ɗin nan, in samfurin 2012 zuwa 2016 ce mai giyar otomatik da ake kira PowerShift, ka bar musu kayansu. Giya ce mai kuloci biyu busassu da kwamfuta ke sarrafawa, kuma labarinta ba ɓoyayye ba ne: kakkarwa wajen tashi, da fizga, har ta kai an yi ƙarar kamfanin a Amurka, kotun Ostireliya kuma ta ci shi tarar dala miliyan 10 na ƙasar a 2018 a kan yadda ya bi da koken masu motocin. Irin wannan giya ba ta son tafi-ka-tsaya, mu kuwa nan Jidda ba mu da abin da ya fi shi yawa. Motar tana da daɗin tuƙi, ban hana ta wannan ba. Amma arahar da kuka gani, kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin gyaran giya daga farashin.

Saura biyu. Yaris mai ƙofa biyar da ta fara shigowa wajen 2014 tana da inji 1.3 ko 1.5, da tsohuwar giyar otomatik mai hawa huɗu, kafin a koma CVT, wato giyar otomatik marar hawa-hawa, wajen samfurin 2017. Tsohuwar Tiida tana da 1.6 ko 1.8, ita ma da giya mai hawa huɗu, sabuwar da ta biyo bayanta kuma CVT ce. Dukkansu sarƙa ce ke juya taimin ɗinsu, ba bel ba, wato an rage maka fargaba ɗaya. Ni a kuɗin da ka ambata na fi natsuwa da giya mai hawa huɗu. Tana ɗan shan mai fiye da CVT, tana kuma sa inji ƙara idan an miƙa a babbar hanya, amma duk makaniken da ke sana'iyya, unguwar masu gyara, ya san cikinta, kuma tana haƙuri da mai motar da ya yi sakaci. CVT ba ta da laifi in an kula da manta a kan kari, sai dai wa zai rantse maka an kula? In babu takardun sabis, ka ɗauka ba a taɓa canza shi ba.

Kada kuma ku tsaya a kan ukun nan kaɗai. Hyundai Accent mai ƙofa biyar da Kia Rio 'yan gida ɗaya ne, injinsu 1.4 ko 1.6, kayan gyaransu cike da gari, kuma yawanci ba su kai Toyota tsada ba a shekara ɗaya. Picanto da i10 kuwa kyawawan motoci ne ga mutum da matarsa da jariri. Yara uku a baya, esi a kunne, ga hawan Hada zuwa Ɗa'if, za ka tausaya wa injin.

Akwai abin da mutanenmu ba sa lura da shi a kasuwar nan. Balaraben Saudiyya ya fi son mota mai dogon baya, shi ya sa mai ƙofa biyar ba ta da masoya da yawa, kuma wannan na iya taimaka wa kawunka wajen ciniki. Amma ranar da wani ya doke shi ta baya a danja, ya tafi tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, neman ƙofar baya ko fitila, zai tarar da na mai dogon baya jibge, nasa kuwa sai an wahala. Inji da giya da kayan ƙafa galibi ɗaya ne, bodin baya ne ya bambanta. Saboda haka kafin a biya ko sisi, ka kira masu tashlih biyu ko uku ka tambayi kuɗin ƙofar baya, da fitilar baya, da kwamfaresan esi na wannan samfurin. Amsar da za ka samu ta fi duk abin da dillali zai faɗa maka amfani.

Batun shan mai da kawunka ya damu da shi, zo mu yi lissafi. Tun watan Yulin 2021 aka tsayar da litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18, mai lamba 95 kuma 2.33, kuma motocin nan duk 91 suke sha. A ce wata tana cin lita 7 a kilomita 100, wata 9, mutum kuma yana yin kilomita 20,000 a shekara. Bambancin lita 400 ne, wato riyal 872. Kuɗi ne, amma gyaran giya guda ɗaya ko inji da ya yi zafi ya ƙone gaskit zai haɗiye tanadin shekaru. Lafiyar motar ce tattalin, ba abin da aka rubuta a takardar kamfani ba.

To, yadda za ka duba ta. Ba a cinikin biri a sama, hoto a waya ba mota ba ne. Ka gaya wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso. Da ka zo, ɗora bayan hannunka a kan inji. In da ɗumi, an riga an ɗumama ta, ka ce za ka dawo gobe. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: kakarin sarƙa a daƙiƙun farko, hayaƙi shuɗi a salansa, rawar jiki kafin ya daidaita. Tun yana da sanyin ka buɗe murfin lagireto, don ba a buɗe shi da zafi, in ba so kake fuskarka ta saluɓe ba. Ruwan ya zama mai launi, ja ko kore ko ruwan hoda, mai tsabta. In ka ga ruwan ƙasa-ƙasa mai tsatsa, ruwan famfo ake zuba mata. Juya murfin baƙin mai ka duba cikinsa. In akwai farin kumfa mai kauri, ruwa ya fara haɗuwa da mai. Ka kuma bincika ko an cire bawul ɗin zafi. Wasu masu gyara a nan suna cire shi su ce ƙasar zafi ba ta buƙatarsa, alhali sau da yawa wata cuta suke rufewa.

Daga nan sai esi, kuma a nan nake so ka daɗe. A garin nan motar da esinta ba ya sanyi ba motar iyali ba ce. Kada ka gwada shi da dare ko kana gudu, kowane esi jarumi ne a lokacin. Ka tsayar da ita cikin rana bayan azahar, inji na aiki, esi a ƙarshe, ka soka ma'aunin zafin nan namu a bakin iskar tsakiya, ka ba ta minti goma sha biyar. Mai lafiya za ta sauko wajen digiri 10 ko ƙasa da haka ta zauna a nan. Idonka ɗaya a kan allurar zafin inji, kunnenka a kan fanka: tana tashi tana tsayawa yadda ya kamata? In sanyi ya gudu da zarar mota ta tsaya, ya dawo in an taka totur, to ko fanka ta raunana, ko kwandansa ta toshe, ko kwamfaresa ya gaji. Mai motar zai ce maka gas kawai take so. Gas ba ya ƙarewa haka nan, in ya ragu akwai inda yake zurarewa. Sannan ka koma kujerar baya ka zauna da kanka, domin ƙananan motocin nan yawanci ba su da bakin iska a baya, kuma can ne yaran za su zauna.

Abu na gaba ruwa ne. Ka san abin da ya faru ranar 24 ga Nuwamban 2022, da aka auna ruwan sama milimita 179 a kudancin Jidda cikin awa shida, motoci suka yi ta iyo a tituna. Mu da muka ga ambaliyar 2009 a unguwar Guwaiza mun san inda irin motocin nan ke ƙarewa: a wanke, a busar, a goge, a kai kasuwa. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin datti inda ruwa ya tsaya. Tura kujerar gaba baya, ka haska ƙarfen da take gudu a kai da ƙusoshinsa. Ciro safayar taya ka shafa yatsa a lungun ramin. Laka mai laushi kamar hoda ba ta shiga can sai da ruwa. Ka zare fulogin waya ɗaya a ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarfensa ya yi kore. In ka buɗe ƙofa turaren bakhur ya buge ka har ya yi yawa, ka ɗaga kafet ka shinshina ƙasansa. Motar ruwa tana iya yin wata shida lafiya lau, sannan lantarkinta ya fara hauka, yau gilashi, gobe fitilar jakar iska, kuma ba ranar gamawa.

Fenti bai dame ni sosai ba. Motar da ta shekara takwas a titunan Jidda ba tare da an taɓa fesa mata ko bamba ba, sai dai in ajiye ta aka yi. Abin da nake nema shi ne shasi. A ɗaga ta a kan jek, ka bi ƙarfunan gaba da na baya da fitila, ka nemi walda, ko lanƙwasa, ko baƙin kwalta sabo da aka shafa a wuri guda. In shasi ya taɓu, ciniki ya mutu, ko nawa aka rage. Kana ƙarƙashin kuma ka duba yoyon mai, da robobin ƙafa, da tsatsar da iskar teku ke jawowa. A gefen taya akwai lamba huɗu, misali 2319, ma'ana mako na 23 a 2019. Taya mai shekara biyar a zafin nan ta gama aiki ko da zanenta na nan, sai ka sa kuɗin huɗu a cikin ciniki.

Lambar kilomita kuwa, kada ta ruɗe ka. Ana mayar da ita baya. Dubi sitiyari, da robar birki, da gefen kujerar direba, su ba a iya mayar da su baya da kwamfuta. Yaris da Accent motocin kamfanonin haya ne da masu kai saƙo, da yawansu sun yi aikin shekara goma cikin huɗu. Ka ciro rahoton Mojaz da lambar shasi, zai nuna maka yawan waɗanda suka mallake ta, da haɗurran da aka rubuta, da kilomitan da aka taɓa karantawa. Haɗarin da aka sasanta a gefen titi ba a kira Najm, masu rubuta rahoton haɗari, ba, ba zai fito ba, shi ya sa rahoton ba ya maye gurbin idonka. Ka jona kwamfutarmu ma. In ba ta nuna laifi ko ɗaya ba amma gwaje-gwajen cikin motar sun nuna ba su kammala ba, an goge laifuffukan ne jiya ko yau.

Da lambar shasin nan mai harafi da lamba 17 ka shiga shafin kiranye na Ma'aikatar Kasuwanci, inda ake lissafa motocin da kamfani ya ce a dawo da su gyara. Tsofaffin Yaris da Tiida da Honda Jazz da dama suna cikin motocin da aka kira saboda jakar iskar Takata, wadda zafi da laima ke lalata maganin da ke cikinta har ta fashe ta watso ƙarfe. Zafi da laima kuwa, ai Jidda kenan. Canjin kyauta ne a wurin wakilin kamfanin.

Ranar gwaji na biyu kawunka ya zo da iyalin gaba ɗaya, da keken jariri in akwai, da tukunyar gas ɗin gidan. A zuba yara uku a baya a gani. A nan Tiida ta fi Yaris, wurin ƙafarta a baya yalwatacce ne, amma kayan da but ɗin kowace zai ɗauka kaɗan ne in ba an kwantar da kujera ba, kuma ba a kwantar da kujera da yara a kai. Ya hau titin Haramain ya kai ta 110, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko tana ja gefe, ya taka birki ya ji ko yana kakkarwa.

In duka biyun sun tsallake, ni Yaris mai 1.5 zan ce ya ɗauka idan yaran ƙanana ne, domin ranar da zai sayar ba zai yi asara mai yawa ba. In sun fara tsawo, Tiida, ko Accent mai 1.6. In kuwa Tiida ce lafiyayya Yaris ɗin na da tsatsa a lagireto, kada sunan Toyota ya rufe muku ido.

Kada ya miƙa kuɗi hannu da hannu motar na sunan wani, ko da ɗan garinku ne. Fahas ɗinta, wato takardar gwajin lafiyar mota, ya zama da rai, istimara, takardar rajista, ma haka, ya yi inshora da sunansa, a biya tarar da ke kanta, a yi canjin suna ta manhajar gwamnati ta Absher ko ta ma'arad, wato wurin sayar da motoci, mai lasisi. Kuma cikin 25,000 ɗin nan kada ya saya da fiye da 22,000. Ragowar na makon farko ne: baƙin mai da filta, man giya, ruwan lagireto, man birki, filtar esi, da batir in ya haura shekara biyu. Wannan aikin kai za ka yi shi da hannunka, ni zan tsaya a kanka.