Tambayoyinku Kan Tarukan Masu Talla da Tarkon Lambobi 6

Tambaya: Malam, ni wakilin talla ne na wani kamfanin sabulu a Kaduna. Kullum sai an watse daga taron 'yan kasuwa nake ganin hotuna. Ta ina zan riƙa jin labari tun da wuri?

Amsa: Ka bi shafukan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu. Irin wannan ƙungiya ta Kaduna, wato KADCCIMA, ce ke shirya baje-kolin duniya na Kaduna a filinta da ke kan hanyar Zariya, galibi a farkon shekara. KACCIMA na yin na Kano a Zoo Road wajen ƙarshen shekara, LCCI kuma na yin na Legas a dandalin Tafawa Balewa cikin Nuwamba. A gefen baje-kolin akan yi laccoci da zaman haɗa dillalai da kamfanoni, kuma a ganina can ribarka take, fiye da zagayen rumfuna. Na intanet kuwa, LinkedIn da Eventbrite da Facebook duk suna da sashen taruka. Da ka yi rajista, sa ranar a kalandar wayarka.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Na shiga wani horo a Zoom, kafin a kai rabi data ta ƙare. Akwai dabara?

Amsa: Akwai, Hajiya. Hoton mutane ne ke cinye data. Taron da kowa ya kunna kyamara zai iya shan kusan gig 1 a awa guda, alhali sauti zalla bai kai meg 50 ba. Kashe kyamararki kaɗai bai isa ba, domin hotunan sauran mahalarta suna ci gaba da sauka a wayarki. A saitin Zoom akwai wurin tsayar da bidiyon da ke shigowa, Google Meet ma yana da zaɓin taƙaita data. Ki kuma roƙi masu taron su turo rubutun laccar daga baya.

Tambaya: Wani ya kira ni, ya ambaci sunana da sunan gurup ɗinmu na 'yan kasuwa, ya ce da daddare akwai taron Zoom kan tallafin jari. Ya ce an turo min lambar shiga, in karanto masa. Na karanta, yanzu WhatsApp ɗina ya fita daga wayata. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Wannan tarkon ya ci mutane da yawa, musamman 'yan kasuwa, kuma yana ƙona min rai, domin da amanar da ka shekara kana ginawa ake cutar kwastomominka.

Ga abin da ya faru. Lokacin da yake jan ka da hira, ya riga ya sa lambarka a WhatsApp ɗin tasa wayar. WhatsApp ya turo maka lambobi 6 don tabbatar da cewa mai layin ne ke son shiga, su ka karanto masa. Sunanka da na gurup kuwa, daga wayar wani ɗan gurup ɗin da aka riga aka yi wa haka ya samo su. Yanzu zai bi jerin abokan cinikinka yana cewa asusunka na banki ya samu matsala, a tura kuɗin kaya wani asusun.

Kada ka jira gobe. Buɗe WhatsApp, sa lambarka, nemi sabbin lambobi 6 ta saƙon tes. Da ka shigar da su, shi an fitar da shi ke nan. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki na biyu, wato ƙarin makullin da WhatsApp ke nema bayan lambobin tes, za a nemi ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Kafin nan, kira shugaban gurup ya cire lambarka na ɗan lokaci, ka kira manyan kwastomominka da bakinka, ka sanar a Facebook cewa kada kowa ya tura kuɗi. Da ka dawo, shiga saitin asusu ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, ka haɗa da imel.

Shi taron Zoom na gaskiya, mai shiryawa ne ke ba ka mahaɗa da lambar ɗaki, kai ba ka da wata lamba da za ka ba shi. Duk wanda ya ce ka karanto masa abin da ya shigo wayarka, ko BVN, ko lambar katin ATM don "rajistar taro", kashe wayar.

Tambaya: An ce taro ƙarfe 3 na rana agogon Landan, na shiga na tarar ba kowa.

Amsa: Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan ɗaya yake da na Najeriya da Nijar. Sauran watanni muna gabansu da awa 1, wato ƙarfe 3 nasu ƙarfe 4 namu ne. Gana ma awa 1 take bayanmu duk shekara. Idan ka danna maɓallin saka taron a kalanda daga shafin rajista, wayar da kanta za ta mayar da shi lokacin garinku.