Nasiru, kafin ka zaɓi inji je ka auna waya

Na ga saƙonka, wai dattijuwar nan ta Cheektowaga, nan gefen birnin Buffalo a Amurka, ta ce ka zaɓa mata injin kwashe ƙanƙara mai jona wuta, ka rasa na ɗauka tsakanin na kamfanin Toro da na Snow Joe, na amfiya 13 ko na 15, wato yawan wutar da yake ja. Shekara biyu kana shagona kana min wannan tambayar? Da ban yi niyyar amsawa ba wallahi, amma ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Nuwamba 2014, lokacin kana Maraɗi ko kalar ƙanƙara ba ka sani ba sai ta cikin firij, tafkin Erie ya juye mana ƙanƙarar da ta kai ƙafa 7 a wasu unguwannin kudancin Buffalo, mutane ta taga suke fita. Saura kwana kaɗan a yi wannan, wani bawan Allah da muke Juma'a tare ya zo wai yana son inji mara tsada. Ina da wani mai faɗin inci 18, amfiya 15, da hannuna na sa masa sabon bel na canza robar ƙasa, yana kuka kamar sabo. Muka yi ciniki dala 180, ya ba ni 50 ya ce sauran ƙarshen wata insha Allahu, ni kuma da kunya ta hana ni cewa a rubuta. Sau uku na ce masa Alhaji waya geji 12 za ka saya (geji kaurin waya ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), ya ce to Malam, to Malam.

Ashe mutumin nan siraran wayoyi geji 16 ya haɗa guda uku, irin na kunna fitila, ƙafa 150 tun daga ɗakin ƙasa, ya je ya cusa injin cikin tudun da motar gwamnati take turowa bakin titi, wanda ya daskare kamar siminti. Wuta ba ta isowa da ƙarfinta, injin yana nishi shi kuma yana dannawa, har koyil ya ƙone. Ranar Juma'a ya sauke min shi a ƙofar masallaci gaban jama'a wai na sayar masa da gawa. Na buɗe a wurin, ƙauri ya bugi kowa, fulogin ma ya narke ya manne da wayar. Amma me dattawa suka ce? Malam a yi haƙuri, ɗan uwa ne. Na mayar masa da hamsin ɗinsa, injina ya tafi bola, gidaje biyu da nake share wa duk hunturu suka janye saboda maganar ta zaga. Har yau in ya miƙo hannu ina karɓa, amma Allah ya isa ɗin nan ban janye ba.

To kai, ɗauki tef ka je gidanta ka auna daga soket ɗin gareji zuwa bakin titi. In ya wuce ƙafa 100 ka ce mata ta haƙura da mai waya, ta nemi na batir ko na fetur. In ƙafa 50 ne geji 14 ya isa, ƙafa 100 kuma sai 12, guda ɗaya ba haɗe-haɗe ba, kuma wadda aka rubuta ta sanyi ce, don waya mai araha a Janairu sandarewa take kamar rake ta tsage. Na amfiya 15 za ka ɗauka, sunan kamfani kuma ku yaran yanzu ne ya dama, kun zauna kuna ƙirga taurarin yabon kaya a wayar hannu alhali ba ku taɓa buɗe inji kun shinshina ba. Ka duba kar firiza ko hita suna kan layi ɗaya da soket ɗin, in ba haka ba wuta za ta riƙa yankewa ta kira ka ƙarfe shida na safe.

In ƙofar gidan tsakuwa ce, magana ta ƙare, fankar irin wannan injin ƙasa take guga, zai harba dutse gilashin maƙwabci. Kuma ka faɗa mata gaskiya, abin ƙanƙarar inci 8 zuwa 10 yake iya ci, in ana zubawa da yawa ta fita sau biyu, tudun bakin titi kuwa shebur ne maganinsa ko ta kira mu. Yadda ake farawa daga kusa da soket a bar waya a baya ba zan tsaya koya maka ba, in ka niƙa ta ka biya.

Gejin wayar nan ka rubuta shi a rasit ta sa hannu, kuma kuɗi a hannu, ko da ta kai shekarun kakarka. Asabar ka zo da wuri, akwai kafireto uku suna jiranka.