Shin Ƙarfen Sabis Yana Rage Shan Wuta Idan Dare Ya Tsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu a Rigasa, Kaduna, yana daf da wani ƙarfen sabis, kuma idan aka ɗauke wuta janaretansa kan kwana yana ruri har asuba. Na ji an ce akwai fasahar da ke sa ƙarfen ya daidaita siginarsa gwargwadon buƙata domin rage shan wuta. Yaya abin yake, kuma ba zai raunana sabis ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Fasahar tana nan, kuma wani ɓangare nata ya daɗe yana aiki a cikin wayar da ke hannunka. Fiye da kashi biyu cikin uku na wutar da kamfanin waya ke sha a ƙarafunan sabis take tafiya, a cikin ƙarfen kuma na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta fita ta eriya ce ta fi ci, domin kaso mai yawa na wutar da ta sha zafi yake zama, sannan a sake kashe wata wutar wajen sanyaya kayan. Aibin tsofaffin na'urori shi ne, abin da suke sha da ƙarfe uku na dare bai yi ƙasa sosai da na tsakar rana ba.

Daidaitawa ta farko ita ce ta ƙarfin aikawa. Ƙarfen yana auna yadda siginar wayarka ke iso masa, ya umarce ta da ta ƙara ko ta rage. A tsarin 3G ana yin haka sau 1,500 a kowane sakan. Wayar 2G tana iya kaiwa wat 2, ta 4G kuwa yawanci ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat, kuma ba ta kai wannan iyakar sai ta yi nisa da ƙarfe. Shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a hanyar Birnin Gwari fiye da kan titin Ahmadu Bello. Haka kuma a tsarin 4G wayar kan sanar da ƙarfen ingancin siginar da take samu da lamba daga 0 zuwa 15, idan lambar ta yi sama sai ya cusa bayanai masu yawa a kowace aikawa, ya gama da wuri.

Gamawa da wuri ita ce ƙashin bayan al'amarin, domin a ganina babban tattalin yana cikin yin shiru idan babu abin aikawa, fiye da rage ƙarfi. Ƙarfen 4G kamar mai shayi yake da ya bar tukunyarsa tana tafasa dare farai ko da babu kowa a benci: yana fitar da siginar shaida sau da dama a kusan kowane miliseken, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, don wayoyi su san yana nan. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula ta gyara wannan a tsarin 5G da ta fitar a 2018, inda siginar shaidar kan fita sau ɗaya a miliseken 20, kuma ana iya tsawaita tazarar har 160. A tsakanin nan na'urar ƙara ƙarfi tana iya yin barci. Ƙa'idojin da aka kammala a 2024 sun ƙara hanyoyin tsara lokutan da ƙarfen zai daina aikawa da karɓa. Sabbin eriyoyin 5G kuma, masu hanyoyin aikawa har 64, suna tattara sigina su nufi inda wayar take maimakon watsa ta ko'ina, kuma idan jama'a sun ragu ana iya kashe rabin hanyoyin.

Akwai kuma kashe zango sukutum, wato mitar da sigina ke tafiya a kai, kamar mitar gidan rediyo. Ƙarfe ɗaya kan ɗauki zanguna da yawa. Na megahaz 800 ko 900 suna kaiwa nesa suna ratsa bango, na 1800 da 2600 kuma ana ƙara su ne saboda cunkoso. Ƙarfen da ke kallon Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana buƙatar dukkansu da azahar, amma bayan an rufe shaguna zango ɗaya ya ishi masu gadi da maƙwabta.

Batun raunin sabis ya danganta da zurfin barcin. Gajeren barci na tsakanin aikawa babu mai jin sa, amma zangon da aka kashe gaba ɗaya yana ɗaukar lokaci kafin ya farka, kuma a nan ne ake iya samun matsala idan an ɗora kashewar kan agogo kawai. Unguwarku misali ce mai kyau: wuri yana shiru, jirgin ƙasa daga Abuja ya tsaya a tashar Rigasa, nan take ɗaruruwan fasinjoji su fara kiran masu ɗaukar su. Haka ma lokacin sahur a watan azumi. Tsarin da ya dace shi ne wanda ke bin yawan masu amfani a daidai lokacin, ya tayar da zangon tun kafin na farko ya cika. Idan an yi haka, iyakar abin da za ka lura da shi shi ne data ta ɗan yi nauyi na ɗan lokaci, kira kuwa yana shiga.

Sai dai kada ka sa ran janaretan ya yi shiru saboda wannan kaɗai. Injin dizal yana cin mai ko da nauyin da ke kansa kaɗan ne, don haka ragin ba ya zama riba sosai sai an haɗa da batura masu ƙarfi ko farantan sola, yadda za a kashe injin na sa'o'i. Ga shi kuma yawancin ƙarafunan ƙasar nan na kamfanonin haya ne irin su IHS, ƙarfe ɗaya yana ɗauke da kayan kamfanoni biyu ko uku. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, amma 2G da 3G suna nan a kunne saboda masu ƙananan wayoyi, kuma waɗannan tsofaffin kayan su ne mafi ƙarancin iya barci. Idan ƙarfen unguwarku yana cikin irin waɗannan, dole janaretan ya ci gaba da ciyar da su har sai an sauya su ko an girka batura.